Rabin Aji: Makarantar Kuɗi ko Makarantar Unguwa?

Daga ranar da aka yaye yaro zuwa ranar da zai shiga aji ɗaya na firamare akwai shekara uku zuwa huɗu. A cikinsu ne bakinsa ke buɗewa sosai, ya koyi gaisuwa, ya rarrabe dama da hagu, ya fara jero tambayoyin da ke gajiyar da manya, ya koyi haƙurin jiran rabonsa idan ana raba abu. Duk malamin aji ɗaya da ya daɗe yana koyarwa zai gaya maka tun a makon farko yake gane yaron da aka kula da shi a wannan tsakani da wanda aka bar wa gari. Sai dai kuma su ne shekarun da ba su da uban ɗaki a tsarinmu. Asibiti ta sallami yaro tun da ya gama rigakafi, makaranta kuwa ba ta karɓe shi ba tukuna. Alƙaluman da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya daɗe yana kafa hujja da su sun nuna kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara uku da huɗu ke zuwa wata makarantar share fage, kuma Arewa ce ke can baya a wannan lissafi.

Da can tambayar wa zai riƙe yaron ba ta ma tasowa, domin gidan Bahaushe ba ya barin yaro a hannun mutum ɗaya. Uwa tana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, saboda haka tun yana jariri kaka da gwaggo da abokiyar zaman uwarsa ne ke ɗaukarsa. In lokacin yaye ya yi a kai shi gidan kaka, wani ma daga nan sai riƙo. Kimanin shekara hamsin da suka wuce wasu masu bincike, cikinsu har da Robert LeVine na Amurka, sun zauna a ƙasar Katsina suna lura da jarirai a gidajen Hausawa, suka tarar yawancinsu sun shaƙu da mutum uku ko huɗu, ba uwa kaɗai ba. Da dare ga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici, da rana ga tuwon ƙasa da 'yar tsana, a dandali ga gaɗa da langa. Ba wanda ya kira wannan makaranta, amma yaro kan fito daga cikinsa da baki da wayo. Kada dai mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba: rabin nauyin tsarin a gadon bayan 'yan mata ƙanana yake, 'yar shekara bakwai da goyon ƙaninta tun safe har la'asar. Kuma ko shi ɗin ya sassauta. Sababbin ma'aurata suna kama ciki da falo a sabuwar unguwa, nesa da dangi. Matar tana aikin asibiti ko koyarwa ko tana kan keken ɗinki. Dandalin unguwa an yanka shi shaguna. Lokacin tatsuniya kuma waya ta cinye shi.

Hanya biyu jama'a suka bi don cike wannan giɓi. Ɗaya ita ce makarantar kuɗi ta renon yara, inda wani ya zuba jarinsa ya buɗe, iyaye su biya su kai. Ɗaya kuma ita ce wadda zan kira makarantar unguwa, inda jama'ar wuri suke ba da ɗaki, su zaɓi malama daga cikin 'ya'yansu, su kafa kwamitin da zai sa ido. A ta farko uba mai saye ne. A ta biyu yana cikin masu abin. Kusan duk bambancin da ke tsakaninsu daga nan ya samo asali.

Makarantar kuɗi ba ƙwace ta yi ba, filin aka bar mata. Tsarin ilimi na ƙasa da Najeriya ta fitar a 1977 ya yarda cewa karatun share fage yana da muhimmanci, amma ya ce gwamnati za ta ƙarfafa wa masu zaman kansu su yi, ita nata shi ne sa ido. Haka aka tafi kusan shekara talatin. Da farko abin na 'ya'yan manyan ma'aikata ne a unguwannin gwamnati. Yau kuwa shiga Kurna ko Rijiyar Lemo a Kano, ko Rigasa a Kaduna, da wuya ka wuce layi uku ba ka ga allon wata makarantar ba, har da masu arahar da mai facin taya zai iya lallaɓawa ya biya.

A faɗi gaskiya, akwai abin da take yi wanda ba a raina shi. Ƙofarta a buɗe take kullum da sassafe. Ba ta yajin aiki. In malama ta yi fashi, mai makaranta a aljihunsa zai ji, don haka ba ya bari abin ya zama jiki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Uwar da za ta kama aiki ƙarfe takwas tana da inda za ta ajiye ɗanta hankalinta kwance, in kuma ba ta gamsu ba, zango na gaba ta cire shi ta kai gaba, ba sai ta nemi iznin kowa ba. Wannan 'yancin cirewa shi ne bulalar da ke kan mai makaranta, kuma bulala ce mai aiki.

Matsalar ita ce abin da bulalar ke kora shi ya yi. Uban da ya biya kuɗin zango yana son ganin shaida, shaidar da ake iya gani kuwa ita ce littafi cike da rubutu, da aikin gida, da waƙar Turanci da za a rera wa baƙi a falo, da takardar sakamako mai nuna na ɗaya da na biyu. Wasa ba ya barin alama a littafi. Hirar da malama ta yi da yaro a kan dalilin da ya sa akuya ke tuƙa ba ta shiga takardar sakamako. Sai ka ga ɗan shekara uku, wanda yatsunsa ba su ƙosa ba, an kama hannunsa yana kwafar 1 zuwa 100, yana jero sunayen jihohi da manyan biranensu alhali bai san sunan unguwarsu ba. A ƙarshen shekara a sa masa riga da hula irin na masu kammala jami'a, a karɓi kuɗin biki. Yawancin masu arahar a gidan haya suke, falo ya zama aji, ɗakin kwana ya zama aji, tsakar gidan ba ta isa a yi tsere ba. Hausa kuwa a wasu wuraren laifi ce da ake hukunta yaro a kanta. Abin mamaki, wancan tsari na ƙasa tun farkonsa cewa ya yi a koyar da yaran wannan mataki da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, kuma ta hanyar wasa. Mai makaranta ya san da wannan ko bai sani ba, ya dai san abin da ke kawo masa ɗalibai.

Sannan ga maganar malama. Makaranta mai araha ba ta da inda za ta rage kashe kuɗi sai a albashi, shi ya sa da yawa daga cikin 'yan matan da yara ke kira Anti ba sa samun ko kusa da naira 70,000 da doka ta yanka a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Wadda ake biya haka zaman jira take yi, ko na aure, ko na gurbin karatu, ko na wani aikin. Babban yaro zai iya jure canjin malami. Ɗan shekara uku kuwa sai ya saba da mutum yake sakin jiki ya koyi abu a wurinsa, in aka canza masa fuska sau uku a shekara, kowane karo daga kuka ake farawa.

Makarantar unguwa fa? Wasu in sun ji maganar sai su ɗauka wani sabon salo ne da ƙungiyoyin waje suka kawo. Alhali mu ne ya kamata mu koya wa wasu yadda ake yin ta. Lokacin da Turawa suka kama ƙasar nan sun tarar da makarantun allo da ba su gaza 20,000 ba a Arewa, babu ɗaya da ke jiran kasafin kuɗi. Ba almajirancin tura yaro wani gari nake nufi ba, wannan magana ce daban. Ina nufin makarantar da ke zauren malamin unguwa, wadda yaro ke zuwa da safe ya dawo gida ya ci tuwon uwarsa. Wani ya ba da zaure, iyaye su aiko da kuɗin Laraba, mai hali ya kai dami in an yi girbi, a yi sadaka in yaro ya kai wata sura. Ɗan shekara huɗu yana bin yayansa, ya fara da haddar Fatiha da ƙananan surori kafin a rubuta masa babbaƙu, daga nan farfaru. Ba a korar yaro don ubansa bai biya ba. Malamin an san shi, an san gidansu, in ya wuce gona da iri akwai dattawan da za su kira shi. Makarantun Islamiyya, waɗanda Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa suka tallata a shekarun 1950, su ma mafi yawansu da karo-karon jama'a aka gina su. Abin da makarantar allo ba ta tanada ba shi ne wasa da lissafi da shirya yaro ga boko, ga kuma dorina da ta yi yawa a hannun wasu. Amma yadda unguwa ke ɗaukar nauyin makaranta, wannan a jininmu yake.

Musulmin gaɓar tekun Kenya sun lura da haka tun a shekarun 1980. Damuwarsu irin tamu ce: 'ya'yansu na zuwa makarantar Alƙur'ani, amma in an zo shiga firamare sai a bar su a baya, domin ba su yi karatun share fage ba, iyaye kuma ba su amince da makarantun renon da ke hannun wasu ba. Shugabanninsu suka kai kuka ga Aga Khan, gidauniyarsa ta fara gwaji a Mombasa a 1986 ƙarƙashin wata malama, Swafiya Said. Ba a rushe madarasa ba. Ɗakinta da ke zaman banza da safe aka ara, aka haɗa karatun addini da wasa da ƙirga da labari cikin Swahili. Sharaɗin shi ne jama'a su fara nuna da gaske suke: su kafa kwamiti har da mata a ciki, su gyara ɗakin, su zaɓo 'yan matan da za a horar, su sa hannu a yarjejeniya. Cibiyar horarwa tana bin su kimanin shekara biyu, mai horarwa tana zuwa har cikin aji tana gyara wa malama, daga nan a sakar musu makarantarsu, a taimaka musu da asusun da zai riƙa tallafa mata. Abin ya kai Zanzibar a 1990, Yuganda a 1993, makarantun suka haura 200. Duk wanda ya san zauren malam da harabar Islamiyya da ke kulle har azahar a garuruwanmu zai ga ba wani abu mai nisa ba ne.

Shaida mafi ƙarfi daga Mozambik ta zo, domin a can an auna abin da ma'auni mai kyau. A 2008 ƙungiyar Save the Children ta taimaka wa wasu ƙauyukan lardin Gaza suka kafa ƙananan makarantu: jama'a suka ba da fili da ƙarfinsu da kayan gini, suka zaɓi masu koyarwa daga cikinsu, ana zaman awa uku da 'yan mintuna a rana cikin harshen yankin, ana taron iyaye duk wata. Da ƙuri'a aka zaɓi ƙauyukan da za a fara da su, don a iya kwatanta su da sauran. Da masu binciken Bankin Duniya suka dawo bayan shekara biyu, sun tarar shigar yaran da suka halarta firamare ta ƙaru da kashi 24 cikin 100, kuma sun fi takwarorinsu kaifin tunani da iya sarrafa hannu. Kuɗin da aka kashe wa kowane yaro bai kai dala 3 a wata ba. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda ba a kansa aka kafa makarantar ba: yayyen yaran ma sun ƙara zuwa makaranta, iyaye mata kuma sun ƙara samun fita neman na kansu. Dalili a fili yake, an sauke wa wata goyo. Duk mai mamakin abin da ke hana yarinya 'yar shekara tara zuwa aji a ƙauyukanmu, ya duba bayanta.

Idan aka ɗora su biyun a kan sikeli, wurin da makarantar unguwa ta fi rinjaye shi ne isa ga yaron da ya fi bukata. Mai jari inda kuɗi suke yake buɗe makaranta, kuma ba laifinsa ba ne. Ƙauyen manoma da kuɗi ke shigo musu sau ɗaya a shekara, da kaka, ba kasuwarsa ba ce. Ɗan shekara uku kuma ba ya tafiyar mil biyu, ba ya tsallaka titi, dole makarantarsa ta kasance inda uwarsa za ta iya aiken yayarsa ta leƙo shi. Ga kuma amana, wadda kuɗi ba sa saye. Magidancin da ke ɗari-ɗari da boko zai saki 'yarsa ta je ɗakin da ke jikin masallaci, wurin 'yar maƙwabcinsa da aka yi sunanta a gabansa. Daga wannan ɗakin kuma zuwa aji ɗaya taki ɗaya ne. A Jamhuriyar Nijar ma, inda makarantun reno na gwamnati da na kuɗi suka taru a birane, hanyar da aka bi aka kai abin karkara ita ce ta makarantun al'umma, gari ya ba da rumfa ya zaɓi mai kula da yaran.

Wuri na biyu shi ne shiga cikin gida. Yaro awa uku ko huɗu yake yi a makaranta, sauran ashirin ɗin a gida yake. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu awa ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su. Amfanin madarar ya daɗe da gushewa, amma waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Uwa aka koya wa, ita kuma ta ci gaba da yi bayan baƙuwar ta tafi. Hulɗar makarantar kuɗi da gida ba ta cika wuce takardar neman kuɗi da ta sakamako ba. Malamar unguwa kuwa tana haɗuwa da uwar yaro a wurin suna da biki da layin niƙa.

To sai dai kada a ɗauka duk inda aka tara iyaye alheri zai biyo baya. A Ghana, wadda ta sa shekara biyu na share fage cikin karatun dole kyauta tun kusan 2008, an yi wani gwaji a makarantu 240 na yankin Accra a shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016. An horar da malamai su rage haddar dole su ƙara wasa, yara kuma suka amfana. A wasu makarantun sai aka ƙara da tarukan wayar da kan iyaye, ana nuna musu bidiyo a kan amfanin koyo ta hanyar wasa. Abin da ba a zata ba, a waɗannan makarantun ribar da yaran suka samu ta zube. A arewacin ƙasar kuwa, a gundumomin Tolon da Bongo, ƙungiyar Lively Minds ta bi wata hanyar: ta horar da iyaye mata, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, suna zuwa bi da bi suna jagorantar wasannin ƙirga da daidaita abubuwa da 'yan ƙananan rukunin yara cikin harshensu, kuma aunawa ta nuna yaran sun ci gaba. Yadda na fahimci abin, a Accra an zaunar da iyaye an yi musu lacca a kan cewa abin da suke biya dominsa kuskure ne, a arewa kuwa an miƙa musu aikin a hannu sun ga amfaninsa da idonsu. Goyon bayan jama'a da ke aiki shi ne wanda aka ba su abin yi a cikinsa.

Yanzu ga inda makarantar unguwa ke faɗuwa, kuma faɗuwar ba ƙarama ba ce. Aikin gayya ya iya tayar da ɗaki a yini ɗaya, a yi kiɗa a ci tuwo a watse. Abin da bai iya ba shi ne aikin da ake bukata kowace safiya shekara da shekaru. Jama'a za su yi bulo, su rufa kwano, su sayi tabarmi. Albashin malama a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa yana gona, shi ne ke gagara. Kenya ta ga wannan. Tun bayan samun 'yanci a 1963, da kiran haɗa ƙarfi na Jomo Kenyatta, ƙauyuka suka gina dubban makarantun reno da kansu, iyaye ke biyan malamai. Da gwamnatin Mwai Kibaki ta mayar da firamare kyauta a 2003, talakawa da yawa suka ce don me za su biya wa ƙaramin alhali na babban kyauta ne, suka riƙe yaran a gida sai sun isa aji ɗaya, malamai suka rasa albashi. Sai da kundin tsarin mulki na 2010 ya ɗora wa gwamnatocin gundumomi nauyin wannan mataki, da yawansu suka fara ɗaukar malaman aiki. A Kolombiya ma, inda tun 1986 ake zaɓar uwa ɗaya a unguwa ta riƙe yara har 15 a gidanta gwamnati na ba da abinci, an shafe kusan shekara talatin ana ba matan ɗan ihsani da sunan su masu sa kai ne. Sun sha zanga-zanga da zuwa kotu kafin a 2014 a fara biyansu mafi ƙarancin albashi. Sau da yawa in ka ji ana yabon arahar shirin al'umma, bincika, wata mata ce ke aiki ba a biyanta.

Akwai sauran cututtukan da duk wanda ya taɓa zama a kwamitin unguwa ya sani. A zaɓi malama don 'yar wane ce. A cika kwamiti da maza, alhali waɗanda suka san abin da yaro ya ci da abin da ya sa shi kuka suna cikin gida ba a tambaye su ba. Kuɗin asusu su shige tsakanin ma'aji da shugaba, kowa ya yi shiru don kunya, wadda ita ce ba ta damun uban da ke gaban mai makarantar kuɗi. Kuma unguwar talakawa makarantar talakawa za ta iya ginawa. In aka bar kowa da ƙarfinsa, wanda ya fi bukata shi zai samu mafi rauni. Malamar da ba a horar ba kuwa, ko ta unguwa ce, abin da aka yi mata tana yarinya shi za ta maimaita: a bi ta da baki, wanda ya motsa a tsula masa.

Duk da haka, da mai unguwa zai tambaye ni wacce za a sa ƙarfi a kai, ta unguwa zan ce masa ba tare da jinkiri ba. Dalilina shi ne aibinta irin wanda ake iya gyarawa ne daga waje: a kawo horo, a kawo albashi, a kawo mai duba aiki. Aibin makarantar kuɗi kuwa a cikin cinikin yake, domin ba za ta je inda ba a iya biya ba, kuma ba za ta daina sayar da abin da mai saye ke nema ba. Ban ga laifin ma'aikaciyar da ke birni ta kai ɗanta can ba, sau da yawa ba ta da zaɓi. Shawarata gare ta kawai, in ta je dubawa kada ta tsaya kan fentin bango da yawan littattafai. Ta tambayi shekara nawa malamar ajin ta yi a wurin, ta kuma saurara ta ji ko ana jin muryar yaran ko ta malama kaɗai.

Ragowar maganar ta gwamnati ce, domin abin da unguwa ba ta iyawa aikinta ne. A takarda an yi nisa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya, wato UBEC. A 2007 aka fitar da manufa ta musamman a kan raya ƙananan yara, bugun tsarin ilimi na 2013 kuma ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, wadda ake kira rabin aji. Daga nan ne rabin aji ya yawaita a firamaren gwamnati. Amma leƙa ka gani: sau da yawa shi ne ɗakin da ya fi kowanne lalacewa, yara sun cika shi maƙil a ƙasa, an tura musu malamin da aka rasa ajin da za a ba shi, alhali kwalejojin ilimi suna yaye waɗanda suka karanci renon yara musamman suna zaune a gida. Kwamitocin kula da makarantu da aka ce kowace firamare ta kafa, masu haɗa mai unguwa da liman da iyaye mata da tsofaffin ɗalibai, su ne ƙofar da jama'a za su shiga su riƙe wannan aji, ko su buɗe masa reshe a zauren da ya fi kusa da gidaje, hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta ɗauki albashin malamar da horonta. A wurare da yawa kwamitin ba ya zama sai an ji baƙi za su zo. Kuɗin UBEC kuma ba a sakar wa jiha sai ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta, kuma shekara da shekaru hukumar tana kukan cewa biliyoyin naira suna zaune a Abuja saboda jihohi da dama ba su kawo nasu rabin ba.